Wace waya ce da laifi, ta aljihu ko ta bayan dashbod?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makaranta a Samaru ta Zariya, gidana kuma a Tudun Wada. Mako uku ke nan da na sa aka cire rediyon da Corolla ɗina ƙirar 2007 ta zo da shi, aka saka mini mai allon nan na Android a wani shago a Sabon Gari. Tun ranar ban huta ba. In na haɗa wayata Tecno ta Bluetooth sai sauti ya riƙa ɗaukewa, musamman in na shiga gargada. Wani lokaci kira yana fita ta sifika, amma karatun da na kunna ba ya fita. In na jona kebul don in ga taswira a allo, sai ya kama ya saki. In na gaji na koma kebul ɗin AUX kuma ina caji, sai wani siririn kuka ya riƙa bin totur. Sau biyu batir yana mutuwa in na ajiye motar Asabar da Lahadi. Mai shagon ya ce wayata ce, mai gyaran waya ya ce rediyon ne. Akwai ma wani abu, ban sani ba ko yana da alaƙa: da daddare ina ɗaki in aka kira ni na ɗaga sai in ji shiru, sai na kashe Bluetooth sannan nake jin mai magana. In mayar da rediyon ne, ko in sauya waya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, kada ka mayar da rediyon tukuna, kada kuma ka kashe kuɗinka wajen sabuwar waya. Abubuwa shida ka lissafa, kuma ba duka ne tushensu ɗaya ba. Amma wanda ka ajiye a ƙarshe kana shakkar ko yana da alaƙa, shi ne ya fi sauran nauyi a wurina, don haka da shi zan fara.

A sana'armu ta wayarin mota kalma ɗaya ce ke ɗauke da abu biyu. Waya ce a aljihunka, waya ce kuma a bayan dashbod tana kai wuta. Da mai shagon ya ce laifin waya ne, ta aljihunka yake nufi. Ni kuwa zargina ya fi karkata ga ta bayan dashbod, kuma ina tsoron an bar jaki ana dukan taiki.

Ga dalilina. Bluetooth na irin waɗannan na'urori yana kaiwa kimanin mita 10, wato daga tsakar gida zuwa ɗakin kwana. In kana ɗaki, makullin mota yana hannunka, ka ɗaga kira ka ji shiru, to muryar mai kiran tana can tana fita a cikin motar da ke fake a waje. Wayarka ta ga rediyon a farke ne, sai ta miƙa masa kiran kamar yadda ta saba yi a kan hanya. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, me ya hana rediyon kwanciya bayan an zare makulli?

Wayoyi uku ne ke riƙe da ran kowane rediyon kasuwa, ko Pioneer ne, ko Kenwood, ko Sony, ko waɗannan na Android da ake kawowa daga ƙasar Sin ba suna a goshinsu. Rawayar waya tana zuwa wutar da ba ta yankewa, wadda ke fitowa daga batir ta cikin fis. Ita ke ɗaukar nauyin wutar da rediyon ke ci, ita ce kuma ke riƙe masa agogo da tashoshi in an kashe mota. Jar waya tana zuwa wutar makulli, wadda ba ta zuwa sai ka murɗa shi mataki na farko. Aikinta ta gaya wa rediyon ya tashi ko ya kwanta. Baƙar kuwa hanyar komawar wuta ce, ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota.

Yaron da ke sauri, ko wanda bai ga wutar makulli ba kuma ya ƙi nema, sai ya murɗe jar da rawayar wuri ɗaya ya jona su a wutar batir. Rediyo ya kama, allo ya haskaka, mai mota ya biya ya tafi. Daga ranar rediyon ba zai ƙara sanin an kashe mota ba. Kai kana danna maɓalli allon ya yi duhu ka ɗauka ya mutu, alhali hasken kawai ka rufe. Ƙwaƙwalwarsa tana aiki, Bluetooth a buɗe. Mu ƙaddara rabin amfiya kawai yake ja a haka. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin awa 60 ne da 'yan kai, ka ga amfiya-awa 30 ya tafi ke nan. Batirin ƙaramar mota irin taka yakan kama daga amfiya-awa 45 zuwa 60 ranar da yake sabo, to ina ga wanda ya sha zafin bazara biyu? Ka ga mutuwar batir da shirun kiran dare duk ciwo ɗaya ne.

Za ka iya tabbatar da wannan yau ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Ka bar rediyon yana magana, ka zare makulli. A irin motarka ya kamata ya yi shiru da kansa nan take. In ya ci gaba da magana sai ka kashe shi da hannu, magana ta ƙare. In kuma ya yi shiru, rufe ƙofofi, ka ba shi minti goma, domin wasu na Android suna da saitin jinkiri kafin su kwanta, sannan ka tsaya kusa da motar ka buɗe Bluetooth a wayarka. In ka ga ta ƙulla da shi, to idonsa biyu. Mai wayarin da ke da mita zai auna abin da motar ke ja tana kashe: ya cire kan batir na baƙar waya, wato mai alamar (-), ya sa mitar a tsakani a ma'aunin amfiya 10, ya jira komai ya lafa. Lafiyayyiyar mota ba ta wuce miliamfiya 50 ko kusa da haka. Kada dai kowa ya yi kuskuren tayar da inji mitar tana tsakani, za ta ƙone.

Akwai kishiyar wannan kuskuren, kuma gara in ambata don masu karatu da ke fama da ita: in aka musanya su, ja ta tafi batir, rawaya ta tafi makulli, sai rediyo ya riƙa mance agogo da tashoshi kullum da safe, na Android kuma ya riƙa tashi daga farko yana ɓata lokaci kan tambarinsa. Masu Golf da Opel sun fi kowa haɗuwa da wannan, saboda a soket ɗin motocin Turai ƙafa ta 4 da ta 7 su ne na wuta, kuma a da yawa daga motocin Volkswagen da Opel an juya su. Shi ya sa za ka ga wayar haɗin da ake sayarwa tana da 'yan fulogai a kan jar da rawayar, don a zare a musanya ba sai an yanka ba. Sababbin motoci kuma, waɗanda ake sa wa ɗan akwatin nan da ake kira kanbas, shi akwatin ne ke ba rediyo labarin makulli. In aka zaɓi motar da ba ita ba a saitinsa, rediyo sai ya ƙi kwanciya. Corolla ta 2007 tana da wayar makullinta sak, ba ta buƙatar wannan.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai in an ciro rediyon. Launukan da na faɗa na ɓangaren rediyo ne. A ɓangaren mota kowane kamfani da nasa. A yawancin Toyota na wancan zamani, wutar batir shuɗiya ce mai zanen rawaya, wutar makulli ruwan toka, ta jikin mota ruwan ƙasa. Ja da baƙa da rawaya da za ka gani a soket ɗin Toyota na sifikokin baya ne. Wanda ya bi launi da launi ya haɗa, ya ɓata aiki tun daga tushe. Saboda haka ba a zato, aunawa ake yi da mita ko fitilar gwaji: wacce ke da wuta makulli yana waje, wacce ba ta da ita sai an murɗa. Kuma akwai soket na haɗi da ake sayarwa daidai da Toyota, bakinsa ɗaya ya shiga na mota, ɗaya ya shiga na rediyo. In ba a samu a Sabon Gari ba, ana iya nemowa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne in ciro rediyo in tarar an datse soket ɗin kamfani an yar, an bar wayoyi tsirara a murɗe da salatif. Zafin motar da aka ajiye a rana yana narkar da gam ɗin salatif, ya saki, wayoyi su fara taɓa juna. In an riga an yanka naka, a haɗa kowace da dalma, a rufe da robar nan da ake yi wa zafi ta matse.

Gargaɗi ɗaya da ba na so a wuce. Kafin a yanka ko a haɗa wata waya a cire kan batir na baƙar waya, sai lokacin gwaji a mayar da shi. Kuma duk soket ko bututun wayoyin da ka gani rawaya shar a ƙarƙashin sitiyari ko bayan dashbod, na jakar iskar kariya ne, ba shi da alaƙa da rawayar rediyo. Kada a soka masa fitilar gwaji, kada a nemi wuta a jikinsa.

Sai ɗaukewar sauti a gargada. Bluetooth iska yake bi, rami ba ya girgiza iska. In sauti yana yankewa daidai lokacin da taya ta faɗa rami, akwai ƙarfen da ke rabuwa da ƙarfe a wani wuri. Ka sa wani ya zauna kusa da kai ya zuba wa allon ido, kai ka kula da tuƙi. In allon ya yi ƙyaf, ko ya mutu ya dawo da tambari, wuta ce ke yankewa: rawaya, ko ja, ko baƙa, ko fis ɗin bayan rediyon ya yi sako-sako a gidansa. In allon yana nan daram, lokacin karatun yana ci gaba da tafiya amma ba sauti, to wayar sifika ce ke taɓa jikin mota, sai guntun da ke ƙara sauti ya kashe kansa don kada ya ƙone. A duba musamman inda wayoyi ke ratsawa daga jikin mota zuwa ƙofa, nan suke karyewa saboda buɗewa da rufewa. In kuwa allon ya nuna waya ta fita ta dawo, ba tare da ya yi ƙyaf ba, kuma ko a kan kwalta mai santsi haka yake yi, sannan ne za mu juya kan ta aljihu.

A cikin ukun nan baƙar waya na fi tuhuma. Wani direban haya da ke bin hanyar Funtuwa ya taɓa kawo mini motarsa, ya riga ya sauya waya har sau biyu a kan irin wannan matsala. Da na ciro rediyon, ina zare fulogin eriya sai ya mutu ɗungurungum. Ashe baƙar wayar an naɗe ta ne a kan wani sukuru da ya shiga roba, ba ta taɓa ƙarfe ko kaɗan. Duk tsawon lokacin nan wutar tana komawa ne ta cikin siririn sulken wayar eriya. Yana isa ya kunna allo, amma da an ƙara murya ko mota ta yi tsalle sai wuta ta gaza, kuma ɓangaren Bluetooth ba ya jure faɗuwar wuta ko ta ƙiftawar ido. Tun daga nan nake fara gwaji da wannan: zare eriya rediyo yana kunne. In ya mutu ko ya yi rawa, baƙar waya ba ta zauna ba. Gyaranta a sa mata zobe a baki, a nemi noti da ke kan ƙarfen mota na ainihi, a goge fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Mai mita ya auna tsakanin jikin rediyon da kan batir na baƙa, sauti yana sama. Bai kamata ya ga fiye da bolt 0.2 ba.

Tunda an buɗe bonet, a auna batirin ma. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. In inji yana aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In ka lura rediyon yana saki daidai lokacin da ka kunna fitila ko na'urar sanyaya mota, sai a duba altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki, da kawunan batir, a wanke farin garin da ke taruwa a kansu.

To, mu zo kan wayar aljihu, domin ita ma ba na wanke ta gaba ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta raba gardamar mai shago da mai gyaran waya ita ce musanye. Ari wayar uwargida ko ta wani abokin aiki, wadda ba Tecno ba in da hali, ka haɗa ta da rediyon tun daga Tudun Wada har Samaru, ta Kwangila, hanyar da ka saba bi. Taka kuma ka haɗa ta da ƙaramar sifikar Bluetooth a gida ta yi awa guda. Wadda matsalar ta bi, ita ce mai ita. Amma ka yi gwajin da karatun da ke ajiye a cikin wayar, kada ka jawo shi ta intanet. Na sha ganin mutum yana zagin Bluetooth alhali sabis ne ya ɗauke masa a hanya.

Batun kira yana fita amma karatu ba ya fita, wannan ba lalacewa ba ce a mafi yawan lokuta. Bluetooth kamar ganuwar birnin Zazzau yake, ƙofofinsa da yawa. Don an buɗe maka Ƙofar Doka ba shi ke nuna Ƙofar Gayan a buɗe take ba. Ƙofar kira sunanta HFP. Ƙofar sauti, wato karatu da waƙa da saƙon murya, sunanta A2DP. Akwai AVRCP mai kula da maɓallan gaba da baya da sunan abin da ake saurare, akwai PBAP mai kwaso sunayen mutanen da ke wayarka. Kira yana da izinin kutsawa ko me rediyon yake yi, ko kana sauraren tasha ne. Sauti kuwa ba ya shiga sai ka buɗe masa da hannunka, wato ka taɓa manhajar da ke kan allon mai suna BT Music ko A2DP. Mutane da yawa suna barin rediyon a kan tasha ko filas, su kunna karatu a waya, su ji shiru. Fara da wannan. In bai yi ba, shiga saitin Bluetooth na wayarka, taɓa alamar da ke gefen sunan rediyon, za ka ga maɓallai biyu, ɗaya na kira, ɗaya an rubuta Media audio. Tabbatar dukansu a kunne suke. Ka kuma ƙara muryar wayar kanta bayan ta haɗu, domin tana riƙe ma'aunin murya daban ga kowace na'ura.

In duk wannan bai yi ba, sai a warware ƙullin a sake. A nan ne ake yin rabin aiki: mutum ya goge rediyo a wayarsa, ya bar wayar a cikin rediyo. Dole a goge ta ɓangare biyu, a kashe duka biyun a kunna, sannan a sake haɗawa. In ya nemi lamba, yawanci 0000 ce ko 1234. Ka duba jerin wayoyin da rediyon ya riƙe. Ba mamaki ka tarar da na yaran shagon da suka gwada shi. Wasu rediyoyin uku kawai suke iya riƙewa, wasu biyar, kuma in jerin ya cika sai su fara rikicewa. Goge duka. Sannan ka sani da yawa daga rediyoyin Android wuri biyu suke da shi na Bluetooth, ɗaya a cikin saiti, ɗaya manhaja ce mai zaman kanta a kan allo. Ta kan allon ita ce ta waya. Ka buɗe ta, ka nemi sunan rediyon daga wayarka.

Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsananin tattalin batir, sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye in allo ya daɗe a rufe. In ka lura karatun yana tsayawa ne bayan 'yan mintoci da ajiye wayar, cire manhajar da kake saurare da ita daga takunkumin tattalin batir. In kuma maɓallan gaba da baya ne ba sa aiki, ko haɗin yana yawan saki a kan kwalta lafiyayya, akwai wata dabara: a shafin bayanin waya ka taɓa Build number sau bakwai, wani sabon shafi na masu ƙera manhaja zai bayyana, a ciki ka mayar da AVRCP zuwa 1.4 ko 1.3, ka sake haɗawa. Wannan kawai za ka taɓa a shafin, ka bar sauran yadda suke.

Ban sani ba ko an ƙara maka amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a but. In an ƙara, akwai wata shuɗiyar waya da ke yaudarar masu haɗi. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a rediyoyi da yawa ba ta da wuta sai ana sauraren tasha. Shuɗiya mai farin zane ita ce ke tayar da amfilifaya a kowane hali. In aka jona amfilifaya a ta farko, tasha za ta yi magana radau, da ka koma Bluetooth ko filas sai shiru.

Kebul mai kamawa ya saki, sau da yawa kebul ɗin ne da kansa. Na ƙwarai yana da wayoyi huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na saƙo. Na arahar da ake rataye wa a bakin titi wani biyu kawai gare shi, caji zai yi amma allon mota ba zai taɓa ganin wayar ba. Wani kuma yana da huɗun amma sirara kamar gashi. Araha ba ta ado. Nemi gajere, wanda bai wuce mita ɗaya ba, in da hali wanda ya zo a kwalin wayar, kuma kada a yi masa ƙari. Bayan haka haska tocila cikin ramin cajin wayarka. Ƙurar hunturu da auduga ta aljihu suna taruwa a can ƙasa su dunƙule, sai bakin kebul ya kasa kaiwa ƙarshe, ya riƙa motsi. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali ka fito da su. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe. Sannan yawancin rediyoyin nan jela biyu ta USB suke da ita a baya, kuma sau da yawa ɗaya ce kawai ke ɗaukar waya, ɗayar ta filas ce. Gwada kowace.

Abin da ke kai taswira kan allo, Android Auto ne ga masu Android, CarPlay ga masu iPhone. Daga Android 10 zuwa sama yana cikin wayar tun daga kamfani. Amma wayoyin da ke ɗauke da ƙaramin Android mai suna Go, kamar da yawa daga masu sauƙin kuɗi, ba sa yin sa sam, ko wane kebul ka saya. Duba bayanin wayarka ka gani. In kana so ya yi ba kebul, sai wayar tana kan Android 11 ko sama, tana kuma kama Wi-Fi mai gigahaz 5. Bluetooth gaisuwa kawai yake yi a wannan haɗin, hoton ta Wi-Fi yake bi, shi ya sa in ka buɗe wa wasu datar wayarka a lokacin, ko kana kan VPN, sai su yi karo. Rediyoyin Sin ba kai tsaye suke yin wannan aiki ba, ta wata manhaja suke bi, irin su ZLink ko TLink, sai a tabbata tana buɗe.

Kukan da ke bin totur na altaneta ne. Yana shigowa ne saboda wayarka ta sami hanya biyu zuwa jikin mota a lokaci guda, ɗaya ta caja, ɗaya ta AUX, sai ɗan bambancin wutar da ke tsakaninsu ya bi ta wayar sauti. Zare cajar ka saurara. In ya ɗauke, ka gane shi. Ka sauya caja mai kyau, ko a sa ɗan akwatin tace sauti a kan kebul ɗin AUX. In an gyara baƙar waya yakan ragu ƙwarai, kuma da Bluetooth ya daidaita ba za ka ƙara neman AUX ba.

Ka kiyaye abu biyu kafin ka koma shagon. Kada ka yarda a ce za a yi wa rediyon filashin, wato a sake ɗora masa manhaja, tun ba a duba wuta ba. Rediyoyin nan fuskarsu ɗaya amma cikinsu daban-daban, in aka ɗora wa ɗaya manhajar wani, allo zai iya mutuwa ya ƙi dawowa, wasu kuma in an mayar da su saitin kamfani sai manhajar haɗa waya ta nemi a sake yi mata rajista. In ya daskare, akwai ɗan rami a fuskarsa da aka rubuta RST, sa tsinke ka danna, ya isa. Na biyu, kada ka bar wayarka a kan dashbod cikin ranar Maris da Afrilu tana caji tana nuna taswira. In ta yi zafi da kanta take rage aiki, ta daina caji, haɗin ya yanke. Ajiye ta a inuwa, ƙasa da allon.

In ka je, Malam, ka je da safe kafin shago ya cika, ka nemi ogan da kansa, ka yi masa magana cikin mutunci, domin mai yiwuwa bai ma san abin da yaronsa ya yi ba. Ce masa ya ciro rediyon a gabanka ya nuna maka inda ja ta tafi, inda rawaya ta tafi, da notin da baƙa ke kai. Ya sa fitilar gwaji a kan jar wayar, makulli yana waje. Bai kamata ta kama ba. Kafin a mayar da shi cikin dashbod, a kunna karatu ta Bluetooth, ka kama damin wayoyin ka girgiza da hannunka. In sauti ya yanke, ga wurin nan a hannunka. Kafin ranar, in za ka ajiye motar fiye da kwana ɗaya, zare fis ɗin rediyon ko kan batir.

Batirin kuma kada ka bar shi haka. Irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi har ƙasa, kowane zuƙewa yana rage masa kwana, kuma naka ya sha sau biyu. Tafiyar Tudun Wada zuwa Samaru ba za ta cika shi ba. Kai shi wurin masu caji ya kwana a kan ƙaramar wuta, a bar shi ya huta wasu awoyi, sannan a auna. In ya tsaya a 12.5 ko 12.6, ya tsira. In ya sauko wajen 12.2 bayan ya kwana ba a jona masa komai ba, fara tanadin wani kafin sanyin hunturu ya kama. In ka yi gwajin makullin nan na daren yau da na musanyen waya, rubuto mini abin da ka gani, tare da lambar ƙirar Tecno ɗin da lambar Android da ke kanta, sai in gaya maka ko za ta iya nuna taswirar ko ba za ta iya ba.